Yadda Za Ka Hau Jirgin Sama Ko Da Gabanka Na Faɗuwa

Akwai 'yan kasuwar da suka gwammace su kwana a mota daga Kano zuwa Legas da su yi awa ɗaya da rabi a sama, kuma ba tsadar tikiti ce ta hana su ba. Akwai wanda ya biya kuɗin kujerar Hajji da murnarsa, amma tun ranar da aka ce biza ta fito barci ya ƙaurace wa idonsa. Ba a cika faɗa ba, domin kana buɗe baki za a ce maka ai in kwana ya ƙare ko a kan gado kake sai ka tafi. Gaskiya ne, sai dai wannan magana ba ta taɓa busar da zufar tafin hannun kowa ba. Mutanen da sun bi ta Barno da Chadi da Sudan zuwa Makka a ƙafa da kan raƙumi, wasu su shekara a hanya. Yau daga Kano zuwa Jidda awa huɗu ne zuwa biyar, amma fa ta sama za a bi.

Ka sa wannan a ranka tun yanzu: ba jira za ka yi tsoro ya tafi sannan ka hau ba. Da shi za ka hau, kana sane da abin da za ka yi a kowace gaɓa, shi kuma ya riƙa raguwa daga wannan tafiya zuwa waccan.

Mataki na 1: Gano ainihin abin da kake tsoro

Ɗauki takarda ka rubuta amsar tambaya ɗaya: in na rufe ido na ga kaina a cikin jirgi, wane lokaci ne hantar cikina take kaɗawa? Wani faɗuwar jirgin yake gudu. Wani ba ruwansa da wannan, rufe ƙofa ne damuwarsa, ya san ba damar ya ce direba tsaya in sauka. Wani tsayin ne. Wani kuma tsoronsa shi ne kada ya rikice a gaban jama'a, ya yi ihu ko amai ya ji kunya. Akwai kuma wanda tsoronsa bai ma kai ga jirgin ba, a fili ya tsaya: takardu, bincike, Turanci, ɓacewa a babban filin da bai sani ba.

Kowanne da maganinsa. Mai gudun hatsari sani yake buƙata. Mai tsoron rufewa da mai tsoron rikicewa aikin numfashi ne nasu. Mai tsoron fili kuwa abokin tafiya da zuwa da wuri sun kusa ishe shi.

Mataki na 2: Dubi lissafin sau ɗaya, sannan ka rufe bidiyoyin

Tsoron nan yana da tushe a wajenmu. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayun 2002 ba, da jirgi ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa. Ba a manta da 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a jirgin da ya taso daga Abuja zai je Sakkwato. Duk wanda ya ce maka jirgi ba ya hatsari, raina maka hankali ya yi.

Amma a ɗora abin a sikeli. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2023 an yi tashi kusan miliyan 37, kuma ɗaya tak ne a cikin lissafinta ya ƙare da asarar rai, a ƙasar Nepal. Farfesa Arnold Barnett na jami'ar MIT da ke Amurka ya lissafa cewa tsakanin 2018 da 2022, mutum ɗaya ne ya rasu a cikin kowane hawa miliyan 13.7 a faɗin duniya, ko da yake wasu ƙasashen sun fi wasu tsaro. A gefe guda, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya tana ƙirga mutum sama da 5,000 da ke mutuwa a kan tituna duk shekara. Motar da za ta kai ka filin jirgi ta fi jirgin cancantar addu'arka.

A ganina lissafi kaɗai ba ya warkar da kowa, domin tsoro ba ya jin ƙidaya. Amfaninsa shi ne ka samu abin da za ka mayar wa zuciyarka idan ta fara saƙe-saƙe. Abin da ya fi lissafi aiki shi ne ka daina ciyar da tsoron. Daga ranar da ka yanki tikiti, duk bidiyon hatsarin jirgi da aka turo a WhatsApp ko ya faɗo maka a TikTok, wuce shi. A maimakonsa sauke manhajar Flightradar24, ka buɗe taswira ka ga dubban jiragen da ke sama a daidai wannan lokaci. Zaɓi wanda za ka hau, ka bi shi kullum na tsawon mako guda: ya tashi, ya sauka, gobe ma haka.

Mataki na 3: Zaɓi tafiya da kujera

In da hali, fara da gajeriyar tafiya. Kano zuwa Abuja ba ta cika awa ɗaya ba. Maniyyacin da bai taɓa hawa ba, in aljihu zai ɗauka, gara ya yi irin wannan kafin ranar babbar tafiya.

Jirgin safe ya fi lafawa, domin zafin rana ne ke tayar da iska, kuma da damina hadari ya fi haɗuwa da yamma. Da hunturu kuwa hazo kan jawo jinkiri ko soke tashi a filayen Arewa, sai ka shirya wa hakan. Kujerar da ke daidai fukafukai ta fi kowacce ƙarancin jijjiga, ta can baya ta fi kowacce jin ta. Mai tsoron rufewa ya nemi ta bakin hanya, inda zai iya miƙewa. Mai jiri ya nemi ta taga, domin ganin sararin waje yana daidaita kai. Kada ka karɓi kujerar ƙofar gaggawa don faɗin wurin ƙafa. Ana zaunar da wanda zai iya taimaka wa ma'aikata ne a nan.

Mai ciwon zuciya, mai asma, mai sikila, mai tsohon ciki da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su ga likitansu kafin su yanki tikiti.

Mataki na 4: Koyi numfashin tun kana gida

Idan mutum ya tsorata, numfashinsa kan koma gajere, da sauri, daga saman ƙirji. Hakan yana fitar da iskar kabon da ke jini fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su fara tsira-tsira, ƙirji ya ɗaure. Sai mutum ya ɗauka iska ce ba ta ishe shi ba, ya ƙara haki, abin ya ƙaru. Maganin yana wajen fitar da iska a hankali.

Zauna ka ɗora hannu a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bar ciki ya taso, kafaɗu suna nan inda suke. Sake ta ta baki, leɓe a tsuke, kana ƙirga ɗaya zuwa shida ko takwas. Fitar ta fi shigar tsawo, shi ne sirrin. Yi minti biyar da safe, biyar da dare, aƙalla mako biyu kafin tafiya. Wanda ya bari sai jirgi ya fara gudu sannan ya gwada a karon farko, ba zai tuna ko lamba ɗaya ba. In ka haɗa shi da zikiri ya fi zama, misali bayan sallar asuba da ta isha'i: ja iska shiru, ka yi tasbihi a zuci yayin fitarwa.

Haddace addu'ar hawa abin hawa, wadda ke cikin aya ta 13 da ta 14 na Suratuz Zukhruf, da addu'ar tafiya. Wasu na ƙara wa kansu nauyi da tunanin cewa tsoron nan raunin imani ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya ji tsoro a ransa ranar karo da matsafan Fir'auna, aka ce masa kada ya ji tsoro. Faɗuwar gaba halitta ce. Koyon yadda jirgi ke aiki da ɗaura bel kuwa, su ne ɗaure raƙumin da aka ce a yi kafin tawakkali.

Mataki na 5: Jajibiri da safiyar tafiya

Gama haɗa kaya kwana ɗaya kafin ranar. Fasfo, tikiti, katin rigakafi da magungunan da kake sha kullum su zauna a jakar hannu, haka ma batirin cajin waya, domin ba a yarda ya shiga babban akwati ba. A tafiyar ƙasar waje, duk abu mai ruwa da ke jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Kada ka karɓi saƙon kowa in ba ka buɗe ka gani ba, komai kusancinku.

Ranar tafiya ka ajiye goro, gahawa, shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzari. Suna sa zuciya gudu, kai kuma ka fassara gudun da tsoro. Mai zuwa Saudiyya ma dai ya san ba a shiga da goro. Ci abinci marar nauyi, kada ka hau da yunwa, kada kuma ka cika ciki da wake ko lemo mai gas, domin iskar ciki tana kumbura a sama. Isa fili awa biyu kafin tashi in tafiyar cikin gida ce, uku in ta waje ce.

In aka sanar da jinkiri, kada zuciya ta ce maka alama ce. Jinkiri yana nufin wani ya duba yanayi ko na'ura ya ce ba za a tashi ba sai ta gyaru, kuma irin mutumin da kake so ya riƙe ragamar ke nan. Alhazai sun fi kowa sanin zaman jira a sansani. Kada ka zauna kusa da mai ba da labarin jirgin da ya kusa faɗuwa da su shekara kaza. Kowane sansani yana da irinsa. Tashi ka taka, ka yi alwala, ka yi hira da wani.

Mataki na 6: Daga ƙofa zuwa cikin gajimare

Kana shiga ka ce wa ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, "Ina jin tsoron jirgi, wannan ne hawana na farko." Sun saba ji, kuma za su riƙa leƙo ka. Zauna, ɗaura bel ƙasa-ƙasa a kan ƙugu, buɗe 'yar mafitar iskar da ke saman kanka ta riƙa hura maka fuska. Saurari bayanin tsaro, ka ƙirga layukan kujerun da ke tsakaninka da ƙofa mafi kusa. Daga nan an gama naka.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma yawancin firgicin cikin jirgi daga sautin da ba a san ma'anarsa ba yake tasowa. Ga su nan bi da bi.

Tun jirgi na tsaye za ka iya ganin wani farin abu yana fitowa daga saman ɗakin. Raɓar na'urar sanyaya ɗaki ce ta haɗu da iska mai laima, an fi ganinta a Legas da lokacin damina. Idan aka tayar da inji, warin kananzir kan shigo na ɗan lokaci, fitilu su ɗan ƙifta. A wasu jiragen Airbus za ka ji wani gurnani daga ƙarƙashin ƙafarka yana yi yana tsayawa. Famfo ne mai daidaita ƙarfin mai a bututai. Sai ƙugi daga fukafukai, ka ga bayansu yana zamowa ƙasa: ana ƙara musu faɗi ne don tashi. Da dare za a rage hasken ɗaki, don idanu su saba da duhun waje.

A bakin titi inji zai yi ruri, ka ji an manna ka da kujera. Jirgin zai yi gudun kilomita 250 zuwa 290 a awa kafin ya ɗaga hanci, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Nan ne wurin addu'arka da numfashinka. Daƙiƙu kaɗan bayan rabuwa da ƙasa za ka ji dum a ƙarƙashi, tayoyi ne suka shige aka rufe su.

Sai gaɓar da ta fi kowacce kaɗa hantar sabon hawa. Minti ɗaya ko biyu da tashi, rurin inji zai ragu kwatsam, hancin jirgi ya ɗan sunkuya, ka ji cikinka ya yi ƙasa, ka rantse inji ya mutu. Bai mutu ba. Matuƙi ne ya rage wuta daga ta tashi zuwa ta hawa, domin ba a barin inji a kan cikakken ƙarfi. Jirgin yana nan yana hawa, kunnenka na ciki ne ya ruɗe ka, don shi canjin gudu yake ji, ba ya sanin tsayi. In ka san wannan gaɓa tana tafe, ka jira ta, ka ce a ranka ga ta nan, rabin aikin ya ƙare. Bayanta jirgi zai karkata ya juya, ka ga ƙasa ta cika taga ɗaya, sama ta cika ɗayar. Karkatar ba ta cika wuce digiri 25 zuwa 30 ba, idonka ne ke ninka ta. Ƙararrawar da za ka ji nan da can kuwa, ma'aikata ne ke yi wa juna sigina, ko wani fasinja ya danna maɓallin kira.

Mataki na 7: Gargada

Jirgi yana tafiya a tsayin ƙafa 35,000 ko kusa da haka, wajen kilomita 10 zuwa 11. Iskar can ba lafiyayya ba ce ko'ina: akwai mai hawa saboda zafi, akwai wadda duwatsu suka karkatar, akwai inda mai sauri ta goga da mai nawa. In jirgi ya ratsa irin wannan wuri sai ya yi jijjiga, kamar motar da ta sauka daga kwalta ta hau burji. Direba ba ya cewa motar ta lalace, rage gudu yake yi. Matuƙi ma haka: ya kunna alamar bel, ya rage gudu, ya nemi izinin canza tsayi. Yana da na'urar da ke nuna masa hadari tun daga nesa ya kauce, kuma jiragen da ke gabansa suna ba da rahoton abin da suka tarar.

Abin da jikinka ke ce maka faɗuwa ce mai nisa, a mafi yawan lokuta 'yan mitoci ne. Gwada wannan: ajiye kofin ruwa rabi a kan teburinka ka zuba masa ido. Sau da yawa ko zuba ba ya yi. In ka leƙa ka ga fiffike yana lanƙwasa, haka aka ƙera shi, wanda ba ya lanƙwasa shi ne mai karyewa. A 2010 kamfanin Boeing ya gwada fukafukan samfurin 787, aka ɗora musu nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammani a sama sau ɗaya da rabi, suka lanƙwashe sama wajen mita 7.6 ba su karye ba.

Haɗarin gargada na gaske yana kan wanda bai ɗaura bel ba. A Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa gargada mai tsanani, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni saboda an wurga su sama, amma jirgin ya sauka lafiya a Bankok. Don haka bel ya zauna a ɗaure muddin kana zaune, ko alamar tana kashe.

Yayin jijjiga kada ka ƙanƙame hannun kujera ka sandare, hakan na ƙara maka jin kowane motsi. Kafa tafin ƙafa a ƙasa, saki kafaɗu, bar jikinka ya bi jirgin. Dubi fuskokin ma'aikata. In ma an ce su zauna, don kada keken abinci ya buge wani ne.

Sauran tambayoyin da zuciya kan jefo a irin wannan lokaci suna da gajerun amsoshi. In inji ɗaya ya tsaya fa? An ƙera jirgi mai inji biyu ya ci gaba da tafiya ya sauka da ɗaya, kuma matuƙa suna maimaita wannan atisaye a na'urar kwaikwayo kusan duk wata shida. In duka biyun suka tsaya? Abu ne mai wuyar faruwa, kuma ko ya faru jirgi ba ya rikitowa, lulawa yake yi a kan fukafukansa. A Agustan 2001 man wani jirgin Air Transat ya tsiyaye a kan tekun Atlantika, ya yi tafiyar kusan kilomita 120 babu inji, ya sauka a tsibiran Azores da mutum 306, ba wanda ya mutu. A Janairun 2009 Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da nasa a kan kogin Hudson bayan tsuntsaye sun kashe injinan, duka mutum 155 suka tsira. Tsawa? Kusan kowane jirgin fasinja tana faɗa masa kamar sau ɗaya a shekara, wutar ta bi ta fatar jikinsa ta fice. Wani ya buɗe ƙofa a sama? Matsin iskar cikin ɗaki ya danne ta da ƙarfin da ba ɗan Adam ɗin da zai iya ja.

Mataki na 8: In firgici ya taso duk da haka

Zuciya ta hau dukan uku-uku, zufa ta karyo, ka ji kamar ranka zai fita ko hankalinka zai gushe. Wannan firgici ne, jiki ya saki sinadarin gudu ko faɗa alhali babu inda za a gudu. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka da kansa, ko ka yi wani abu ko ba ka yi ba. Kokawa da shi ita ke tsawaita shi.

Duba agogo ka riƙe lokacin. Faɗa wa kanka: firgici ne, na san shi, zai wuce. Koma kan numfashin da ka koya, ka fi mai da hankali ga fitarwa. Matse tsokar cinyoyi da ta hannuwa na daƙiƙa biyar, ka sake, ka maimaita. Sannan ka fito da hankalinka waje: ambaci abu biyar da kake gani, huɗu da jikinka ke taɓawa, uku da kake ji. Ko ka ɗauko surar da ka haddace sosai ka karanta a hankali kana bin ma'ana, ko ka lissafa unguwannin garinku daga gabas zuwa yamma. Kurɓi ruwan sanyi, ka shafa kaɗan a fuska da wuya. In akwai tashin zuciya, ledar amai tana aljihun kujerar gabanka, an ajiye ta ne don an san ana yi.

Ba wa tsoron maki daga 1 zuwa 10 duk bayan minti biyar, ka rubuta a waya. Ganin 9 ta koma 7 ta koma 5 da idonka ya fi duk wani lallashi.

Sharaɗi ɗaya: in kana da ciwon zuciya, ko ciwon ƙirjin ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya ƙi daidaita, danna maɓallin kira nan take. Ma'aikata suna da horon taimakon gaggawa da tukunyar oksijin.

Mataki na 9: Sauka

Kamar rabin awa kafin isa, inji zai yi shiru, hanci ya sunkuya. Kunne zai toshe. Haɗiyi yawu, yi hamma, tauna cingam, ko ka toshe hanci ka hura a hankali. Jariri a ba shi nono. Wasu alluna za su miƙe a kan fiffike jirgi ya yi ɗan kakkarwa, birkin iska ke nan. Ƙugin fukafukai zai dawo, sai dum na fitowar tayoyi da ƙarar iska. Inji zai riƙa ƙara wuta yana ragewa, matuƙi ne ke daidaita gudu.

Wani lokaci ana dab da taɓa ƙasa sai inji ya yi ruri jirgi ya sake hawa. Matuƙi ne bai gamsu da yadda saukar ta daidaita ba, ko wani jirgin bai gama barin titi ba, ya zaɓi ya zagayo. Minti goma zuwa sha biyar ne. In tayoyi suka bugi ƙasa da ɗan ƙarfi, musamman in an yi ruwa, sau da yawa da gangan ne don su kama titi. Rurin ƙarshe kuwa inji ne ke tura iska gaba don tsayawa.

Maganar ƙwaya

Kada ka je kemis ka sayi maganin barci ko na kwantar da hankali don jirgi, kada kuma ka karɓi na abokin tafiya. Irin su diazepam suna sa nauyin jiki da dogon barci babu motsi, wanda ke ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa a doguwar tafiya, kuma shiga da wasunsu wata ƙasa ba takardar likita laifi ne babba. Akwai kuma illar da ba a cika sani ba. A wani bincike da aka buga a 1997 daga jami'ar Stanford, an ba wasu mata masu tsoron jirgi alprazolam, maganin kwantar da hankali dangin diazepam, wasu kuma ƙwayar da ba magani a ciki. Masu maganin sun ce sun ji sauƙi a tashin farko, amma da aka sake tashi bayan mako guda babu magani, yawancinsu firgici ya kama su, alhali ɗaya rukunin tsoronsu raguwa ya yi. Ƙwayar ta hana ƙwaƙwalwa koyon cewa an hau an sauka lafiya. In likita ya ga dacewar ba ka wani abu, wannan tsakaninku ne, ka riƙe takardarsa a jaka.

In kai ne ɗan rakiya

Mai raka Baba ko Hajiya ya bar cewa "ba komai" yana ta maimaitawa. Gaya musu abin da ke tafe kafin ya zo: "Hajiya, yanzu za ki ji ƙara a ƙasa, tayoyi ne." Nuna musu yadda ake buɗe bel da yadda ake kulle ban-ɗaki, ka kuma faɗa musu tun da wuri cewa ruwan ban-ɗakin yana tafiya da ƙara mai ƙarfi. Tsofaffi da yawa kan ƙi shan ruwa awa biyar don gudun shiga can, alhali iskar jirgi busasshiya ce, ƙishirwa kuma tana ƙara jiri. Yaro kuwa fuskarka yake karantawa.

Mataki na 10: Bayan an sauka

Tun kana jiran kaya, rubuta abin da ka yi tsammanin zai faru da abin da ya faru, da makin tsoronka a tashi, a tsakiya da a sauka. Wannan takarda za ka karanta a jajibirin tafiya ta gaba. Kada ka bar tazara mai tsawo; in ka shekara biyu ba ka sake hawa ba, tsoron kan koma inda yake.

In kuwa abin ya kai ka fasa Umara bayan ka biya, ko ka ƙi aiki, karatu ko zuwa asibitin waje saboda jirgi, ko firgicin ya fara zuwa maka a mota da kasuwa, lokacin ganin masani ya yi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran asibitocin koyarwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware. Ka nemi masanin halayyar ɗan Adam, ka ce masa tsoron jirgi ne ya kawo ka. Aikin da ake yi shi ne gyara tunanin da ke hura tsoron, tare da kusantar abin daki-daki: hoto, bidiyon tashi daga cikin ɗakin fasinja, zuwa filin jirgi kallo, sannan gajeriyar tafiya. Tafi da takardar da ka rubuta a mataki na farko da makin da ka ba kanka a jirgi, daga nan zai san inda za ku fara.